Allon da Ke Gaban Matuƙi: Tarihin Dashbod ɗin Jirgin Ruwa da Wahalar Gyaransa

A garin Sarnico da ke bakin tafkin Iseo a arewacin Italiya, da garuruwan da ke gaɓar manyan tafkunan Amurka, akwai sana'ar da ta daɗe tana ci da masu ita: farfaɗo da tsofaffin ƙananan jiragen ruwa na katako masu inji, irin waɗanda aka ƙera tsakanin shekarun 1920 da na 1960. Akan kawo jirgin da ya shekara talatin a ajiye, ƙasansa ya ruɓe, injinsa ya daskare da tsatsa. Kafinta ya sauya katakon ƙasa, bakanike ya kwance inji ya sake ɗaurawa, kuma ba a cika jayayya a kan waɗannan ba. Inda aiki kan tsaya a shiga muhawara shi ne wani allo da tsawonsa bai wuce kamu uku ko huɗu ba, wanda ke gaban matuƙi, ɗauke da sitiyari da makunnai da mitoci. Shi ne dashbod.

Dalilin muhawarar shi ne allon nan yana da aiki biyu da kan ci karo da juna. Shi ne fuskar jirgin, abin da masani zai kalla sau ɗaya ya faɗi shekarar da aka ƙera shi. Shi ne kuma bakin jirgin, ta inda yake gaya wa matuƙi ina ya dosa, nawa ya rage a tanki, da ko inji ya fara zafi. Mai son tarihi ba ya so a taɓa ko ƙusa ɗaya. Wanda zai ɗauki iyalinsa ya shiga ruwa da su yana so kowace allura ta faɗi gaskiya. Tarihin allon ya nuna cewa kusan duk abin da ke kansa wata asara ce ta kawo shi, kuma ba sau ɗaya ba allon ya yi ƙarya alhali yana sheƙi.

Kafin a yi allo

Shekaru aru-aru matuƙin jirgin teku ba shi da allo a gabansa, kayan aikinsa a warwatse suke. Zurfin ruwa da igiya ake auna shi, mai dunƙulen darma a bakinta. Gudu kuwa, sai a jefa guntun katako a ruwa ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, a kifa kwalbar yashi, a ƙirga ƙulli nawa suka sulale ta hannu kafin yashin ya tsiyaye. Shi ya sa har gobe da ƙulli ake faɗin gudun jirgi, ƙulli ɗaya yana daidai da kilomita 1.852 a sa'a. Abu guda ne ke zaune daram a gaban mai riƙe da sitiyari: kamfas, allurar nan mai nuna arewa, cikin akwatinsa na katako mai 'yar fitila. Wannan akwati shi ne kakan dashbod.

Tun a lokacin aka fara gane cewa kamfas yana da laulayi. Allurarsa maganaɗisu ce, duk ƙarfen da ke kusa yana janta. Matthew Flinders, hafsan ruwan Birtaniya da ya kewaye Ostireliya da jirgin Investigator tsakanin 1801 da 1803, ya lura cewa kuskuren kamfas ɗinsa yana sauyawa gwargwadon inda goshin jirgi ya fuskanta. Ya gano cewa ƙarafan jirgin ne ke jawo haka, ya kuma ba da shawarar a kafa sandar ƙarfe a tsaye kusa da kamfas don ta soke wancan ja. Har yau sandar da sunansa ake kiranta.

Da aka fara ƙera jikin jirgi gaba ɗaya da ƙarfe, matsalar ta girma. Dukan guduma lokacin ƙira yana mai da gangar jirgin kanta maganaɗisu, gwargwadon inda ta fuskanta a wurin ƙirar. A 1838 George Airy, babban masanin taurari na masarautar Ingila, ya yi gwaje-gwaje a kan wani jirgin ƙarfe mai suna Rainbow, ya fito da dabarar jera ƙananan maganaɗisu da ƙarfe mai taushi kewaye da kamfas don daidaita shi. Ba kowa ya gamsu ba, kuma ba kowane mai jirgi ya damu ya yi aikin yadda ya kamata ba.

Ranar 19 ga Janairun 1854 wani sabon jirgin ƙarfe mai suna Tayleur ya tashi daga Liverpool zuwa Melbourne, tafiyarsa ta farko, ɗauke da mutum fiye da 650, akasarinsu masu ƙaura. Ma'aikatansa sun ɗauka kudu suke yi ta tekun da ke tsakanin Ingila da Ireland, alhali yamma jirgin ya karkata. Bayan kwana biyu, cikin hazo da iska, ya daki duwatsun tsibirin Lambay kusa da Dublin ya nutse. Kimanin rabin mutanen suka halaka, kuma mata da yara ƙalilan ne suka tsira. Bincike ya ambaci laifuffuka da dama, har da igiyoyin da ba su ɗauru da kyau ba da ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, amma abin da ya fi tsaya wa jama'a a rai shi ne kamfas ɗin jirgin ba su nuna daidai ba.

Hatsarin ya ta da ƙura a tsakanin masana. William Scoresby, tsohon maharbin manyan kifayen teku da ya zama malamin coci kuma masanin kimiyya, ya ce maganaɗisun jirgi yana sauyawa idan igiyar ruwa ta yi ta dukansa, saboda haka gyaran da aka yi a tasha zai iya zama tarko a tsakiyar teku. A 1856 ya bi jirgin Royal Charter har Ostireliya don ya gwada ra'ayinsa. Wanda ya kawo maganin da ya zauna shi ne William Thomson na Glasgow, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin. A 1876 ya yi rajistar kamfas mai faifai marar nauyi da gajerun allurai, cikin akwati mai dunƙulen ƙarfe biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda ake matsarwa har sai kuskure ya ragu. Rundunar ruwan Birtaniya ta karɓe shi a 1889. Darasin da aka saya da rayuka shi ne cewa na'ura mai lafiya tana iya yin ƙarya saboda maƙwabtanta. Mai gyaran da ya ɗaura sabuwar lasifika kusa da kamfas a yau, da babban maganaɗisun da ke bayanta, ya maimaita kuskuren Tayleur ne a ƙaramin sikeli.

Daga keken doki zuwa ruwa

Kalmar dashbod ba a ruwa aka haife ta ba. Asalinta allon katako ne ko na fata da ake kafawa a gaban keken doki don ya tare taɓon da kofato ke watsowa. Da mota ta gaji keken doki, allon ya zauna a wurinsa tsakanin inji da direba, aka fara rataya masa makunnai da mitoci, sunan kuma ya bi shi.

A manyan jiragen tururi ilimin tuƙi a rabe yake tsakanin mutum biyu. Kyaftin yana sama yana kallon hanya, injiniya yana ƙasa yana kallon mitocin tukunyar tururi, tsakaninsu kuma akwai wata na'ura mai hannu da ƙararrawa, irin wadda kamfanin Chadburn na Liverpool ya yi suna wajen ƙerawa, da kyaftin ke aika umarnin a yi gaba ko baya ko a tsaya. Ƙaramin injin fetur ne ya haɗe ayyukan biyu a hannun mutum ɗaya. Tun 1886 Gottlieb Daimler ya ɗora irin wannan inji a kan kwale-kwale a kogin Neckar na Jamus. Tunda matuƙi ya zama shi ne injiniyan kansa, tilas labarin inji ya zo gabansa, kuma a mota aka ari hanyar kawo shi.

Babu inda aron ya fito fili kamar a garin Algonac na jihar Michigan, kusa da Detroit, cibiyar ƙera motocin Amurka. A nan Christopher Columbus Smith da 'ya'yansa suka kafa kamfanin da ya ɗauki sunan Chris-Craft a 1924. Suka kwaikwayi tsarin masana'antar mota na ƙera abu iri ɗaya a jere, suka sayar da jiragen shaƙatawa ga mutanen da ba su taɓa zama matuƙa ba. Irin wannan mai saye abin da ya saba da shi yake so: kujera irin ta mota, gilashin tare iska, sitiyari, da allo mai mitoci zagayayyu, da yawa daga cikinsu ƙirar kamfanin Stewart-Warner na Chicago da ke yi wa motoci.

Italiya ta ɗauki salon ta kai shi ƙololuwa. Gidan Riva da gyara ya fara: a 1842 Pietro Riva ya zo Sarnico daga yankin tafkin Como ya gyara kwale-kwalen masunta da guguwa ta farfasa, ya zauna. Tattaɓa-kunnensa Carlo Riva, wanda ya karɓi ragamar kamfanin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Amurka ya ƙulla cinikin injunan Chris-Craft, sannan a 1962 ya fito da Aquarama, jirgi mai inji biyu. Inji biyu na nufin kusan kowace mita ta zo da tagwayenta, shi ya sa dashbod ɗinsa ya zama jerin da'irori masu sheƙi da masu sha'awa ke ganewa daga nesa. Carlo Riva ya san katako da waya ba sa zama a ruwa ba kulawa, don haka tun 1957 ya kafa wani reshe mai suna RAM don duba jiragen da gyaransu.

Yana da kyau a san abin da ke cikin waɗancan tsofaffin mitoci, domin yawancinsu ba da lantarki suke aiki ba. Mitar ƙarfin baƙin mai tana ɗauke da wani lanƙwasasshen bututu da Bafaranshe Eugène Bourdon ya yi wa rajista a 1849. Idan mai ya matsa, bututun ya ɗan miƙe ya ja allura. Wannan na nufin akwai siririn bututun jan ƙarfe da ke kawo mai mai zafi daga inji har bayan allo. Mitar zafi tana da nata bututun a rufe, cike da ruwan da ke kumbura da ɗumi, wanda idan aka yanke shi ko aka lanƙwasa shi da ƙarfi mitar ta mutu ke nan. Mitar juyawar inji wata igiyar ƙarfe ce ke juya ta daga jikin inji. Mitar gudu kuwa, inda akwai ta, tana dogara da bututun da Henri Pitot ya gwada a kogin Seine a 1732, wanda ke auna yadda ruwa ke turo iska a cikinsa. Mai kwance irin wannan allo da gaggawa yakan lalata a minti biyar abin da ya yi shekara saba'in yana aiki.

Yadda aka yar da su, aka kuma koma aka tsince su

A shekarun 1960 faiba ta kori katako. Jirgin faiba ba ya bukatar a goge shi a shafa masa banish kowace shekara, kuma ya fi arha. Chris-Craft ya ƙera jirginsa na ƙarshe na katakon mahogani a 1971. Carlo Riva ya sayar da kamfaninsa ga wani kamfanin Amurka a 1969, ko da yake an ci gaba da ƙera Aquarama kaɗan-kaɗan har 1996, jimillarsu ba ta kai 800 ba. Dubban jiragen katako aka bari suka ruɓe ko aka ƙone. Waɗanda suka rage a ruwa, masu su sun yi musu abin da ya sauƙaƙa: mita ta mutu a cire a cusa wadda aka samu, a huda sabon rami don rediyo, a ƙara waya a kan waya.

Da tsohuwar zuma ake magani. A 1975 wasu masu sha'awa suka kafa ƙungiyar Antique and Classic Boat Society a tafkin George na jihar New York, suka fara shirya gasa da alƙalai. Ƙa'idojinsu sun raba jirgin da aka adana da wanda aka sabunta: kafin a ce an adana jirgi, sai aƙalla kashi 60 cikin ɗari na katakon samansa da gefensa ya zama na asali. Alƙalai kan duba dashbod da idon basira, ko mitocin na shekarar ne, ko rubutun fuskarsu da launinsa daidai ne, har da irin kan sukurun da aka ɗaura. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne takarda. Kundin Chris-Craft yana ajiye a gidan tarihi na Mariners' Museum da ke Newport News a jihar Virginia, kuma a ciki akwai katin kowane jirgi bisa lambar gangarsa, mai nuna injin da aka sa masa da kayan da ya fito da su daga masana'anta. Gyara na ƙwarai yakan fara da neman wannan kati kafin a ɗauki sukundireba.

Katakon ma yana da nasa tarihin. Mahogani na asali daga Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan yake, kuma an sare shi har ya yi ƙaranci. Chris-Craft ya fi aiki da wani katako daga Filifin da 'yan kasuwa suka laƙaba wa sunan mahogani alhali ba danginsa ba ne. Masu ƙira na Turai, har da Riva, sun yi amfani sosai da mahoganin Afirka daga dazuzzukan gaɓar Afirka ta Yamma. Wannan itace, Khaya ivorensis a sunan kimiyya, ɗan'uwan maɗaci ne na jini, domin maɗacin da ke inuwa a titunan Kano da Kaduna da Yamai shi ne Khaya senegalensis. Tun 2003 cinikin mahoganin Amurka mai manyan ganye ya shiga ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare halittu, kuma a taron Panama na Nuwamban 2022 aka shigar da dangin Khaya na Afirka. Saboda haka allon da aka yanka shekara sittin da suka wuce ba abu ne da za a jefar a sayo irinsa cikin sauƙi ba. Masu gyara na kirki kan kankare tsohon banish a hankali, su toshe ramukan da aka huda daga baya da guntayen katako masu bin zaren na asali, sannan su yi ta shafa banish suna gogewa da samfefa tsakanin shafi da shafi, wani lokaci har shafi wajen ashirin.

Mafi yawan masu gyara a duniya dai ba Riva ke hannunsu ba. Jiragen faiba ne na shekarun 1970 da 1980, masu allon roba da rana ta ci ya tsattsage, ko filawud da ruwa ya shiga ta bakin ramukan mita ya ruɓar. A nan babu alƙali, sai dai aikin ɗaya ne: a zana fasalin tsohon allo a kwali, a yanka sabo, a shafe bakin kowane rami da gam mai hana ruwa. Abin da ya taimaka shi ne girman mitoci ya daɗe da daidaituwa, ƙanana milimita 52, manya milimita 85, don haka sabuwar mita takan zauna a tsohon rami.

Bayan allo

Garin neman gira akan rasa ido. Haɗarin dashbod a bayansa yake, inda mai kallo ba ya gani. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yakan sauka ƙasa iska ta kwashe, amma jirgi kwarya ne, tururin yana taruwa a ƙasan cikinsa yana jiran tartsatsi. Fashewar jirage ce ta sa dokar Amurka ta 1940 kan jiragen inji ta tilasta a yi wa ɗakin inji mashigar iska, daga baya kuma aka wajabta fanka mai zuƙe tururi a jiragen fetur da aka ƙera bayan Yulin 1980. Makunninta a dashbod yake, kuma ƙa'ida ita ce a kunna ta minti huɗu kafin a ta da inji. Jirgin 1938 bai fito da wannan makunni ba. Mai gyara zai zaɓa: ya huda allon tarihi, ko ya ɓoye makunnin a ƙarƙashinsa inda hannu ke kaiwa. Abin da ba zai yi ba shi ne ya bar shi.

Wayoyi ma haka. Tsofaffin jirage da wuta mai ƙarfin volt 6 suke aiki, da wayoyi masu rigar zare da kan bushe ta farfashe. A shekarun 1950 aka koma volt 12, kuma mitar volt 6 da aka jona wa 12 ba tare da abin rage ƙarfi ba ƙonewa take yi. Akwai kuma tsohuwar mitar caji, wadda duk wutar da ke tafiya batir sai ta bi ta cikinta. Da ƙaramin danamo na da, abin da sauƙi. Idan aka sa altaneta na zamani mai ninkin ƙarfi aka bar tsohuwar waya, an ajiye murhu ne a bayan busasshen katako mai banish. Shi ya sa da yawa kan bar fuskar mitar yadda take, su sauya cikinta ta koma auna ƙarfin batir kawai.

Majalisar ABYC da aka kafa a Amurka a 1954 ita ta tsara yawancin ƙa'idojin da masu riwaya na jirgi ke bi: waya mai silli-silli wadda girgiza ba ta karyawa, fis kusa da batir, kada a dogara da dalma kaɗai wajen haɗa waya, da launi na musamman ga kowane aiki. Shunayya ta makunnin inji ce, ruwan hoda ta mitar fetur, mai ruwan toka ta juyawar inji, shuɗiya mai haske ta baƙin mai. Amfanin launukan ga wanda zai zo bayan shekara ashirin ne, ya buɗe allon ya karanta shi ba tare da ya san wanda ya yi aikin ba.

Wata ƙaryar ta fi wuyar kamawa. Mitar fetur ta lantarki tana aiki ne da ɗan aikenta da ke cikin tanki, kuma tsari biyu ne a duniya. A na Amurka, tanki wofi yana ba da ohm 240, cikakke 33. A na Turai, wofi 10, cikakke 180. Idan aka haɗa mitar Turai da ɗan aiken Amurka, allura za ta hau tana nuna tanki cike a daidai lokacin da mai ke ƙarewa. Kowane ɓangare lafiyarsa ƙalau, haɗuwarsu ce ƙarya.

Akwai kuma abin da ba a gani sam. Wasu mitoci da kamfas na zamanin yaƙe-yaƙen duniya, waɗanda suka cika kasuwa bayan 1945 aka ɗaura su a jiragen farar hula, an shafa wa lambobinsu fenti mai sinadarin radiyom don su haskaka da dare. Shi ne fentin da ya kashe 'yan mata ma'aikatan masana'antar agogo a jihar New Jersey a shekarun 1920, waɗanda ake sa su gyara bakin burushi da leɓensu. Hasken fentin yakan mutu bayan 'yan shekaru, amma radiyom sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Buɗe irin wannan mita a goge fuskarta shaƙar guba ne, aikin ƙwararru ne masu na'urar gwaji.

Zamanin gilashi

Tambayar da ta fi damun masu gyara a yau ita ce ina za a sa allon kwamfuta. Na'urar auna zurfi da amsa-kuwwar sauti ta samo asali ne daga binciken da ya biyo bayan nutsewar Titanic a 1912, ta kuma iso ƙananan jirage a ƙarshen shekarun 1950 ta hannun kamfanoni irin su Lowrance. Tsarin GPS ya kammala a 1995, kuma a Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina rage masa daidaito da gangan ga farar hula. Daga nan gilashi ɗaya ya iya nuna taswira da zurfi da gudu da lafiyar inji, aka fara ganin tsofaffin mitoci kamar ado.

Sai dai gilashi ma ya taɓa yin irin ta kamfas ɗin Tayleur. A Yunin 1995 jirgin yawon shaƙatawa Royal Majesty ya taso daga Bermuda zuwa Boston da mutum kusan 1,500. Jim kaɗan da tashi wayar eriyar GPS ta cire. Na'urar ta koma lissafin ƙiyasi daga gudu da alƙibla, tana nuna hakan da wasu ƙananan haruffa da ba wanda ya lura da su, na'urar tuƙi kuma ta yi ta bin lissafin. Ƙararrawar zurfin ruwa an bar ta a kan sifiri, don haka ba ta yi kuka ba. Bayan fiye da yini guda jirgin ya kafe a rairayi kusa da tsibirin Nantucket, mil 17 daga inda allon ke cewa yake. Ba a rasa rai ba, amma hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora babban laifi a kan dogaro da na'ura ɗaya ba tare da gwada ta da wata ba. Har yau yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku tana bukatar jirage su riƙe kamfas na maganaɗisu wanda ba ya bukatar wuta.

Tsohuwar tambayar Girkawa game da jirgin Theseus, wanda aka yi ta sauya katakonsa ɗaya bayan ɗaya har aka rasa ko shi ne ko wani, ta samu amsa ta aiki a wurin masu adana jirage. Yarjejeniyar Barcelona, wadda ƙungiyar European Maritime Heritage ta sa wa hannu a 2003 bisa tafarkin Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan gine-ginen tarihi, ta ɗauki matsayin cewa hanya mafi kyau ta raya tsohon jirgi ita ce ya ci gaba da tafiya a ruwa. Kayan kariya da na tuƙi da doka ta wajabta a sa su, su dace da jirgin, amma a iya bambanta su da na asali don kada a yi wa tarihi jabu, kuma a rubuta duk abin da aka yi. A aikace wannan ya haifar da dabarun da aka saba gani yanzu: allon GPS a kan maƙali da ake cirewa, rediyo a cikin aljihun tebur, sabuwar waya a bayan tsohuwar fuska, da tsofaffin mitocin da aka cire a ajiye cikin akwati tare da takardun jirgin don mai shi na gaba.

Aikin ƙarshe bayan an ɗaura allo shi ne wanda ya fi kowanne tsufa. Akan gwada kowane sukuru da ke kusa da kamfas da ɗan maganaɗisu, a sauya wanda ya kama da na tagulla. Wayoyin da suka ratsa kusa a murɗe su biyu-biyu don jan da wuta ke haifarwa ya soke juna. Sannan a fita ruwa a rana mai natsuwa, a juya goshin jirgi arewa, gabas, kudu, yamma da tsakankaninsu, ana gwada abin da kamfas ya nuna da alamomin tudu da aka san matsayinsu, sau ɗaya da fitilu da rediyo a kashe, sau ɗaya a kunne. Kuskuren digiri ɗaya yana kauce wa hanya da kusan mil ɗaya a tafiyar mil 60, na digiri biyar kuwa mil biyar. Abin da ya rage na kuskure bayan an daidaita, a rubuta shi a ɗan kati tare da kwanan wata, a manna a gefen dashbod inda idon matuƙi zai riƙa faɗawa.